Ganyen da Ya Fito daga Lambun Bariki

'Ya'yana, na san kun sha ji a bakin mutane cewa babanku ne ya sa wa shanun Fulani guba, shi ya sa muka baro Wurno. Kun girma da maganar kuna kawar da kai, ni kuma ban taɓa zaunar da ku na warware muku ita ba, domin lokacin da yake raye ba ya son a tayar da ita. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ma kwanakina sun ja. Shi ya sa na ce jikata ta ɗauko alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Sunansa ban taɓa kira da bakina ba, amma saboda takarda ce, ta rubuta Modi.

A shekarar da abin ya faru mu huɗu ne a gidan: ni, da babanku, da mahaifiyarsa Inna Hajo, sai yayarku, wadda a lokacin ba ta daɗe da yaye ba. Babanku manomin albasa ne a fadama, kuma an san shi da iya ban ruwa. Wannan iyawar ce ta jawo mana komai. Da rani ya shigo, wani Bature ya sauka a barikin da ke bayan gari shi da matarsa, aka ce za su daɗe. A harabar barikin akwai wasu ƙananan itatuwa masu fure da wani Baturen da ya gabata ya dasa, an kewaye su da shingen aguwa, sun yi shekaru ba mai kula da su har sun cunkushe. Matar ta ce a nemo mata wanda zai riƙa ba su ruwa yana yi musu aski. Hakimi ya aiko dogari ƙofar gidanmu. A wancan zamani idan an nuna ka ba ka cewa a'a, haka babanku ya zama gadina.

Ni ban taɓa ganin barikin nan da idona ba, har yau. Ina cikin kulle, iyakata zaure. Inna kuwa tsufa ya ba ta damar fita, amma yana ta rufe mata ido, sai dai ta bambance rana da inuwa. 'Yar maharbi ce, ta tashi a daji gefen Rabah tana bin mahaifinta, kuma babu itacen ƙasarmu da za ka miƙa mata ta shafa ta sansana ta kasa faɗa maka sunansa da amfaninsa. Mata kan zo da ganye a bakin zane su tambaye ta. Ni nake zaune kusa da ita ina tankaɗe, ina ji, wani abin yana zama a kaina ba tare da na yi niyya ba.

Ranin shekarar ya yi tsanani, harawa ta ƙare da wuri, dabbobi duk sun rame. A lambun bariki kuwa, saboda ruwan da ake zubawa safe da yamma, ciyawa ta fito kore shar. Babanku yakan cire ta, ya haɗa da rassan da ya datse, ya ɗaure dami. Ya tambayi kukun Bature ko zai iya tafiya da shi, kuku ya ce shara ce, ya kai ta inda ya ga dama. Akwai wani Bafulatani, Baffa Jabbi, da yake sauka da garkensa a gonarmu kowace kaka tun zamanin mahaifin babanku, matarsa Adda Dudu kuma kullum takan shigo mana da nono. Zumunci ne na gaske. Sai babanku ya ga babu wanda ya fi cancanta da ɗanyar ciyawar nan irinsa. Ranar da aka yi babban askin itatuwan ya kai masa dami uku, ya rago ɗan kaɗan ya kawo gida saboda akuyata.

Washegari da hantsi na tarar da akuyar a tsaye tana rawar jiki, yawu na zuba, kunnuwanta sun yi sanyi. Kafin in aika a kira mai yanka ta faɗi. Na yi baƙin ciki, domin ita ce akuyar da na zo da ita daga gidanmu, amma na ɗauka ciwon dabbobi ne irin na rani. Sai da azahar Adda Dudu ta shigo babu ƙwarya a kanta. Ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi.

"Adda, lahiya? Mi ya hwaru?" na tambaye ta.

Ta ce, "Kulu, shanu huɗu sun tahi tun sahe. Biyu na kwance. Cikinsu har da saniyar da aka ba ɗana ran suna."

Inna ta tambaye ta ko bushiya ce, wato annobar shanu. Adda Dudu ta ce Baffa Jabbi ya san bushiya, ya ga yadda take cin garke tun yana yaro, wannan ba ita ba ce. Babu zazzaɓi, babu gyambon baki, saniya tana tsaye lafiya sai ta fara makyarkyata ta zube. Ta ce shi Baffa Jabbi cewa ya yi wannan hannun mutum ne.

Kafin la'asar gari ya ɗauka, kuma kowa ya san sunan da za a kira. Maƙwabcinmu Buhari, wanda katangarmu ɗaya da shi, ya yi rigima da yaran Baffa Jabbi da kaka saboda shanu sun shiga wakensa. A gaban mutane ya rantse cewa sai sun gani. Mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, duk unguwa ta san haka, amma maganar ta riga ta fita. Da yamma dogarai suka zo. Ina tsaye a tsakar gida ina jin kukan matarsa ta bayan katanga, da muryarsa yana cewa wallahi bai san komai ba. Aka kai shi gidan hakimi aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa. Aka ce samarin rugar sun yi alwashin ƙona masa rumbu, kuma idan an gama bincike za a tura shi birni wurin alƙali.

Kashegari ina share wurin da akuyata take kwana sai na duba kwamin abincinta. Ta cinye ciyawar tas, amma ta bar waɗansu ganyaye a ƙasa, wasu an gutsura, wasu ba a taɓa ba. Akuya mai yunwa ba ta barin kore a rani. Na ɗauki ɗaya na juya shi. Dogo ne siriri, mai tsini kamar bakin mashi, da kauri kamar fata. Ban taɓa ganin irinsa ba. A nan tsaye, da tsintsiya a hannuna, na tuna cewa dami ɗaya ne aka raba tsakanin akuyata da shanun Baffa Jabbi. Na zauna a kan turmi na daɗe, sannan na kai wa Inna.

Ta karɓa ta shafa shi ciki da baya, ta bi jijiyar tsakiya da farce, ta murje shi ta kai hanci.

"Wanga ba na ƙasarmu ba na," ta ce. "Ina kinka same shi?"

Na faɗa mata. Ta ajiye ganyen a cinyarta ta goge yatsunta da ƙasa.

"Ganye guda ba ya isa a yanke ma itace hukunci. In mai gidanki ya dawo, ki ce shi kawo muna reshe na kowane iri da ke cikin lambun ga. Da ganye, da hure, da ɗiyan in akwai. Ke kina da ido, ni ina da sani. Mu haɗa."

Da na gaya wa babanku, fuskarsa ta canza. Ya ce a bar maganar. Ya ce fure ne kawai na ado, matar Bature har a tebur take ajiye shi cikin kwalba, yaya za a yi abin da ke kan teburin cin abinci ya kashe saniya? Amma Inna ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ce umarni take ba shi. Washegari da rana ya dawo da rassa uku a ɓoye cikin riga, yana waiwaye kamar wanda ya yi sata. Ya zube su a gabanmu ya fita zaure, ya ce shi ba ya son ya ji.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Inna. Na miƙa mata na farko. Ganyensa mai faɗi ne da baki kamar zarto, furensa ja ne babba, da wani dogon tsinke a tsakiya mai garin rawaya. Da na kwatanta mata furen sai ta ce in murje ganyen da ɗan ruwa. Na murje, ya yi yauƙi. Ta taɓa, ta ɗan saki fuska.

"Wanga dangin rama na da kuɓewa. Ba shi kashe kowa. Aje shi dama."

Na biyu ƙaya gare shi, ya soke ta a yatsa. Abin da na ɗauka fure ne ashe wasu ganyaye ne sirara masu launi, suna ƙara kamar takarda, ainihin furen ɗan mitsitsi ne fari a tsakiyarsu. Inna ta karya reshen ta ji a bushe yake, babu ruwa mai danƙo, babu wari. Ta ɗanɗana ganyen da bakin harshe ta tofar. Ta ce ba ta san shi ba, amma ba ta jin tsoronsa, itacen da ya tsare kansa da ƙaya galibi ba ya buƙatar dafi. Shi ma na ajiye shi dama.

Na uku shi ne mai ganyen da na tsinta a kwami. Na miƙa mata.

"Hwaɗa mani wada ganyen ke zaune bisa reshe," ta ce. "Biyu-biyu ko ɗaya-ɗaya?"

Na duba. "Uku-uku na, Inna. Kowace gaɓa uku, sun kewaye ta."

"Bayan ganyen fa?"

"Ya hi cikin haske. Da ƙananan jijiyoyi jere, kamar haƙoran matsefi."

"Karya shi."

Na karya. Wani ruwa ya tsattsafo, ba fari tas kamar nonon tumfafiya ba, amma mai kauri da danƙo. Ta ce kada in bari ya taɓa mini ido ko baki. Sannan ta tambayi furen. Na ce a tattare suke a ƙarshen reshe, kowanne da kunne biyar, kamar an ɗan murɗa su gefe guda, launinsu ja mai haske irin na dasashin jariri, ƙasan kuma kamar ƙaramin mazurari.

"Kamar huren kariya?" ta tambaya.

Akwai kariya a gidan mahaifina, na san furenta. Na ce i, kamar ita, sai dai wannan ya fi yawa. Inna ta bi reshen da yatsu har ƙarshe, sai hannunta ya tsaya a kan wani abu. 'Ya'yan itacen ne, dogaye biyu sirara da suka fito daga wuri ɗaya kamar ƙahon akuya. Ɗaya ya bushe ya fara tsagewa. Ta buɗe shi da farce, irin ya zubo mata a tafi, kowanne da gashi a kansa. Na ga ta ja hannu da sauri kamar ta taɓa wuta. Tun da na shigo gidan ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ran nan.

"Innalillahi," ta ce. "Kulu, haka ɗiyan kwankwani suke. Ƙaho biyu, iri mai gashi. Da shi Baba ke dahwa dahin kibiya. Hure na kariya, ɗiya na kwankwani. Ban san sunanai ba, amma na san gidansu. Zuciya shika tsaidawa."

A daidai lokacin na tuna da wani abu. Tun da babanku ya fara aikin bariki, yakan tsinko wa yayarku furanni ta yi wasa da su. Ranar ma, da ya zube rassan, na ga ya miƙa mata wani abu a hannu. Na waiga ban gan ta ba. Na tashi da gudu ina kiranta, na duba ɗaki, na duba madafa, sai na same ta a bayan rumbu zaune a ƙasa, ta jera furannin nan a kan murfin ƙwarya tana wasan girki. Leɓenta akwai ja. Na sa yatsa a bakinta na ƙwaƙulo guntun fure a tattaune. Ban san nawa ta haɗiye ba, ita kuma ba ta iya magana sosai ba balle ta faɗa mini.

Ihun da na yi ne ya shigo da babanku. Inna ta ce a sa mata yatsa a maƙogwaro ta yi amai, aka yi. Ta ce a daka gawayi a dama da nonon da ya rage a ba ta, aka yi. Daga nan babu sauran abin yi sai jira. Na rungume ta a cinyata, Inna ta ɗora tafinta a ƙirjinta tana sauraron bugun zuciyar da hannu. Yarinyar ta yi laushi, ta yi zawo sau biyu, hannuwanta suka yi sanyi. Duk lokacin da ta lumshe ido sai in girgiza ta. Ina kallon kunnuwanta ina tuna kunnuwan akuyata. Babanku yana tsugune a bakin ƙofa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Tun azahar muke haka har rana ta yi ja. Gab da magariba ta buɗe ido ta ce tana son fura. Inna ta ɗauke hannunta ta ce zuciyar ta daidaita, ɗacin furen ne ya hana ta haɗiye da yawa.

Na ɗauka bayan wannan babu sauran gardama. Da aka idar da sallar magariba na sami babanku na ce, tun da safe ya tafi gidan hakimi ya faɗi gaskiya a saki Buhari.

"Kulu, kin san mi kike cewa?" ya ce a hankali. "In tahi in ce ni na kai ma Jabbi abin da ya kashe shanunai? Ko in ce huren matar Nasara na da dahi? Wa ka hwaɗin haka shi kwana gida?"

"To Buhari fa?"

"Ba su da shaida bisa Buhari. Za su gaji su sake shi. Ni kuwa daga yau ko tsinke ba ni ƙara hitowa da shi. Shi ke nan, magana ta mutu."

"In ba su sake shi ba fa?"

"Na ce maki ta mutu. Kada in ji ta ga bakin kowa."

Ina so ku fahimci babanku. Ba mugu ba ne. A zamanin an taɓa ɗaure mutum a garinmu saboda dokin Bature ya yi tuntuɓe a ramin da ya haƙa a gonarsa. Abin da yake gani ke nan: shi a kurkukun birni, mu uku a gida babu mai ciyar da mu, makauniya da mace da jaririya. Ni ma abin da nake gani ke nan. Kwana biyu na yi ina bin umarninsa. A kwana biyun nan ban iya cin abinci ba. Matar Buhari takan leƙo ta katanga ta roƙi Inna addu'a, ta ce marin ya ci masa ƙafa har ta kumbura tana ruwa, sai in shige ɗaki don kada mu haɗa ido. Duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi, in ce dogarai ne. Inna ba ta ce mini in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Sau ɗaya kawai ta ce, ita dai an tambaye ta sunan ganye ta faɗi abin da ta sani, sauran yana wuyan masu ido.

A rana ta uku Adda Dudu ta dawo da ƙwaryarta, domin ko an yi asara sai an sayar da nono. Tana auna mini tana ba ni labari. Ta ce sauran damin da maigidana ya kai musu, Baffa Jabbi ya ɗora shi a kan rumfa ya hana a taɓa, yana tanadinsa saboda 'yan maruƙan da iyayensu suka mutu. Ta ce yau da yamma za a sauko musu da shi, Allah ya saka wa Modi da alheri. Ludayin yana hannunta tana murmushi. Na kalli ƙofar zaure, babanku yana bariki. Na kalli Inna, ta juya fuskarta wajen bango. Sai na juyo wajen Adda Dudu na ce:

"Adda, aje ludayin ga. Kada ku ba maruƙa ciyawar nan."

Na shiga ɗaki na ɗauko reshen da na ɓoye a cikin tsohuwar tukunya, na nuna mata ganyen uku-uku, na ce ta je ta warware damin, za ta ga irinsa a ciki. Na gaya mata komai, har da akuyata da abin da ya sami yayarku. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Sannan ta naɗe reshen a bakin zanenta, ta bar ƙwaryar nonon a tsakar gidanmu ta fita da sauri.

Da la'asar aka kama babanku a hanyar dawowa. Abin da ya faru a gidan hakimi shi ya ba Inna labari daga baya, ni ina jin su daga ɗaki. Bai yi musu ba. Da aka ajiye damin a gabansa ya ce shi ya kai, kuma kyauta ya yi niyya. Hakimi ya sa aka kawo wani tsohon bunsuru aka cakuɗa masa ganyen da dusa, kafin gari ya waye ya mutu. Aka cire wa Buhari mari. Baffa Jabbi ya tashi a gaban jama'a ya ce ya san Modi tun yana goye, ba ya neman komai a wurinsa, Allah ne ya ƙaddara. Amma ya kwashe garkensa a satin, bai ƙara sauka a gonarmu ba.

Saura Bature. Kowa yana tsoron wanda zai kai masa maganar, a ƙarshe tafintansa, mai fassara masa magana, shi ne ya faɗa masa. Abin da ya ba mu mamaki, bai yi fushi irin wanda ake tsoro ba. Cewa ya yi ai kowa ya san wannan itacen guba ne, a ƙasarsu har yara sun sani, wane irin gadina ne zai ba shanu? Ya ce a sallame shi a kawo wani. Ko reshe ɗaya ba a sare ba. Da babanku ya zo wannan wurin a labarin sai ya ce, "Inna, ashe sun sani. Kullum suna ganina ina ɗaure damin ga ina hita da shi."

Ba a ɗaure shi ba, amma zaman Wurno ya gagare mu. Labari idan ya bi kasuwa ba ya tafiya da dalilinsa. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne Modi ya kashe shanun Jabbi, ya kuma yi shiru aka ɗaure maƙwabcinsa. Rabin farko ƙarya ne yadda suke faɗarsa, rabi na biyu kuwa gaskiya ne, kuma shi ya fi ci masa rai. Ya daina zuwa masallacin unguwa sai na nesa. Kafin ruwan farko, babanku ya bar wa ƙanensa fadamar, muka ɗora kayanmu a kan jakuna biyu muka nufi Giyawa, wurin dangin mahaifiyata. Inna ta yi tafiyar a kan jaki tana tambayata sunan kowane itace da muka wuce, don ta san inda ake kai ta.

Tun ranar da aka sake shi babanku bai ƙara yi mini magana ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba, bai hana ni komai ba. Idan yana son abu sai ya faɗa wa Inna ko ya faɗa wa bango. Haka muka yi shuka, haka muka yi noma, daminar nan gaba ɗaya. Sau da yawa nakan zauna in tambayi kaina ko da na yi shiru da yanzu muna gidanmu. Inna ba ta ji daɗin Giyawa ba. Ba ta san hanyoyin gidan da ƙafa ba, babu matan da ke kawo mata ganye. Ana cikin yankan gero ta kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Wannan ma ina lissafa shi cikin abin da maganata ta ci.

Ranar addu'ar bakwai ina tsakar gida sai na ji wata murya a waje da na sani. Na leƙa ta tsakanin karan danga. Buhari ne, ya taho tun daga Wurno don ta'aziyya. Ya sauko daga jaki, sai na ga yana jan ƙafar hagu, yana dogara sanda, mutumin da a da shi ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai. Ya zauna da babanku a ƙofar gida har la'asar. Ban ji abin da suka ce ba, sai dai na ji an yi addu'a mai tsawo, kuma da zai tafi babanku ya riƙe masa jakin har ya hau, ya raka shi har bayan gari.

Da ya dawo bai tsaya a waje ba. Ya shigo ya zauna a kan turmi kusa da inda nake wanke ƙore.

"Kulu," ya ce. Rabona da jin sunana a bakinsa tun rani. "Kin ga tahiyatai?"

Na ce na gani.

"Kwana biyu da nic ce ki yi shiru, su sunka ci ƙahwag ga. Ya ce mai magani ya ce da an cire marin da wuri da ta warke." Ya share fuska da hannun riga. "Da kin ƙara mani kwana biyu, ban san mi za ni gani ba yau."

Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya sha.

Buhari ya rayu shekaru da yawa yana jan ƙafar nan, kuma kowace kaka, har ƙarfinsa ya ƙare, babanku yakan tafi Wurno ya taya shi girbi kafin ya taɓa nasa. Jikokin Buhari suna nan a unguwar da muka baro, gidan da ke jikin tsohuwar katangarmu. Duk wanda Allah ya kai can a cikinku, ya shiga ya gaishe su, kuma shi zai fara durƙusawa.